Sashen da Na Saya a Koki Kafin a Raba Gado

Edita, ina gaisuwa. Na daɗe ina karanta wasiƙun mutane a wannan shafi ina girgiza kai, ina cewa ai wane shi ya jawo wa kansa. To yau ga tawa. Roƙona ɗaya ne, a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da ajiye aiki ba. Koyarwa na yi a firamare tun ina budurwa, har na kai shugabar makaranta, irin shugabar nan da ko malamai suka hango mayafinta sai su gyara tsayuwa. Maigidana ya rasu, 'ya'yana biyu mata suna ɗakunansu. Asalinmu Fulani ne, kakana ne ya sayar da shanu ya shigo birni, kuma tun daga kansa har zuwa kaina babu wanda ya taɓa kwana a ƙarƙashin rufin da yake nasa. A gidan haya aka haife ni a Koki, a haya na yi aure, a haya na yi takaba. Burina a duniya ɗaya ne, kuma kowa ya sani: gida nawa na kaina a cikin birni.

Kuma ba kowane gida ba. A lungunmu akwai wani tsohon gida na zuriyar Larabawan nan fatake da suka zauna a Kano tun zamanin kakanni. Ina yarinya akan aike ni ciki sayen alkaki, sai in daɗe ban dawo ba har a biyo sawuna. Abin da ke riƙe ni sashen gabas ne, mai soro sama da ƙasa, da bishiyar rumman a tsakar gida, da wata 'yar taga can sama da rana ke ratsowa ta cikinta da hantsi ta sauka a kan daɓe. Sanyi ne a ɗakin ko ana tsakiyar bazara, ga ƙamshin turaren wuta da ya kama bango. Na girma, na tsufa, amma duk ranar da mai gidan haya ya ɓata mini rai, idan na rufe ido can nake tafiya. Na sha ganin kaina a zaune a gindin rumman ɗin ina tsefe wa jikokina kai, tun ma ban yi aure ba.

Saboda haka ranar da na ji cewa Baba Alhaji, babban gidan a yanzu, zai sayar da sashen gabas, kuma a daidai watan da haƙƙina na barin aiki ya fito, sai na ce wannan daga Allah ne, ba sai an yi mini fassara ba. Baba Alhaji aminin mahaifina ne. Sahu ɗaya suka yi salla shekara da shekaru, shi ya tsaya a kan gawar mahaifina, kuma bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai 'yata. Da na je na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni, ya yi murna har da ƙwalla. Ya ce sashen na mahaifiyarsa ne, a nan ta zauna har ta rasu, duk unguwa ta san nasa ne, kuma gara ni da wani baƙo da zai zo ya rushe ya yi shaguna.

Ƙanena ne ya matsa mini in nemi lauya kafin in biya ko sisi. Ya kai ni wani ɗan ofis a wajen Ƙofar Ruwa, wajen wata lauya da aka ce aikinta ke nan, cinikin gidaje da filaye. Ina shiga ta miƙe tsaye ta rusuna. Ashe ɗalibata ce, na koyar da ita a aji uku, wata 'yar siririya mai yawan kuka. Na ji daɗi, na ce aiki ya zo da sauƙi, za ta rubuta mini takarda in tafi. Sai yarinyar nan ta jawo littafi ta fara jero mini tambayoyi. Da sunan wa gidan yake tun asali? Mai sunan yana raye? Idan ya rasu, an raba gadon a gaban alƙali, kuma akwai takardar rabon? Zaure da rijiya na wane sashe ne? An taɓa kawo safiyo ya auna iyaka? Ta ce za ta je ta yi bincike a ofishin filaye ko akwai wata takarda a kan gidan, kuma kada in yarda mu haɗa lauya ɗaya da mai sayarwa, domin kowa da wanda yake kare wa. Ni kuwa duk amsata ɗaya ce, ai duk unguwa ta sani. Ta ajiye biro ta dube ni cikin ladabi.

"Malama, magada nawa asalin mai gidan ya bari, maza da mata? Shi kaɗai nake so ki tambayo mini."

Edita, a nan na yi kuskuren. Raina ya ɓaci iri biyu. Na farko girman kai: yarinyar da na koya wa riƙe fensir ita ce yau take yi mini jarrabawa. Na biyu kuma, wanda ya fi ƙarfi, kunya. Mu a gidanmu ba a ɗaga ido a dubi babba, balle a ce masa kawo shaida. Ta yaya zan zauna gaban aminin mahaifina in ce ya lissafo mini 'yan'uwansa, ya nuna mini takarda, kamar na kama shi da ƙarya? Sau biyu ina zuwa da niyyar tambaya. Na farko muka ɓige da hirar mahaifina. Na biyu na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa jikin ƙafarsa. Da ya ji an ce na je wajen lauya, bai yi fushi ba, murmushi ya yi ya ce me ya yi zafi tsakanin uba da 'ya, ai mijin jikarsa lauya ne, sai ya rubuta mana kyauta. Na ji kamar an sauke mini dutse. Na daina ɗaga wayar ɗalibata.

Mijin jikar ya zo da yamma ɗaya, mutum mai fara'a. Daga baya na ji cewa shari'ar kamfanoni yake yi, bai saba da cinikin gida ba, kuma ko ya saba, surukin gidan ne, ba nawa ba. Bai tambaye ni komai ba, ni kuma a lokacin hakan ne ya burge ni. Aka taru a zaure, mai unguwa ya sa hannu, shaidu suka sa, ƙannen Baba Alhaji maza biyu suka sa, aka raba goro aka shafa fatiha. Takardar ta yi kyau ƙwarai, har da jan hatimi. Na sa ta a leda na ajiye a ƙasan akwati.

Wata goma sha ɗaya na yi a gidan, kuma ba zan ɓoye ba, su ne mafi daɗin kwanakina. Na sa aka yi sabon yaɓe, aka gyara indararo. Na je marinar Ƙofar Mata da kaina na zaɓi shuɗi mai duhu na yi labule. Da asuba bayan salla sai in hau soron sama da shayina in zauna, ina kallon rufin gidajen Koki suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, tattabarun maƙwabta suna zagaye. Wani lokaci sai in tashi in shafa bango kawai, ba don komai ba. Da damina ta sauka, nakan kwanta in saurari ruwa yana bin indararo, in ce a raina ko ya zuba a ɗaka, nawa ne ya zuba. Rumman ta yi fure, jikokina suka zo hutu, na zaunar da su a gindinta na tsefe musu kai. Har mamaki nake yi yadda abin ya zo daidai da yadda na daɗe ina ganinsa.

Wata safiya ana yayyafi aka yi sallama. Wata tsohuwa ce fara, doguwa, ta lulluɓa da tobi irin na matan Sudan, Hausarta da ɗan karyewa. Na yi mata shimfiɗa na kawo shayi. Ba ta sha ba. Ta ɗaga kai tana bin azarar rufin da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna lungun da gadona yake.

"A nan aka yanke mini cibiya," in ji ta.

Ƙanwar Baba Alhaji ce, uwa ɗaya uba ɗaya. An aurar da ita Sudan tun kafin a sa ni a makaranta, wasiƙu suka yi ta raguwa har suka ɗauke, gida ya saba da rashinta. Da zama ya gagara a can, ta kwaso jikokinta marayu ta dawo ɗakin uwarta, ba ta san an sayar ba. Baba Alhaji bai yi niyyar cuta ba, na yarda da wannan har gobe. Shi a ganinsa tunda kowa yana cewa sashen wane, sashen wane, to an raba ke nan. Alhali tun rasuwar mahaifinsu ba a taɓa zama an raba gadon ba, kowa ya ci gaba da zama inda uwarsa ta zauna ne kawai.

Maganar ta kai gaban alƙali, domin ɗanta da ke aiki a ƙasar waje ya tsaya mata. A nan na fara jin kalmar shufa'a. Alƙali ya yi mini bayani a hankali: idan gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya ya sayar da rabonsa ga bare, to abokin tarayyar da bai sani ba yana da haƙƙin ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi wurin, kuma wanda yake nesa haƙƙinsa yana nan har ya dawo. Na fito da takardata mai jan hatimi, aka duba, aka ce babu hannunta a ciki. Na koma wajen ɗalibata ina jan ƙafa. Wallahi da ta yi mini gori da na fi samun sauƙi. Ta karanta komai, ta raka ni kotu har aka gama, ta tsaya sai da aka biya ni har abin da na kashe a gyara, amma tun ranar farko ta gaya mini gaskiya cewa gidan ba zai zauna a hannuna ba.

Kuɗina sun dawo cif, sai dai kafin a gama shari'a gidaje sun yi tashin da ko rabin irin wannan sashe ba za su saya ba. Na ci wasu daga cikin kuɗin, na yi jinya da wasu. Baba Alhaji ya rasu bara, kuma har ya bar duniya idan muka haɗu shi yake sunkuyar da kai. Kunyar da na guje wa ta minti biyar, ita muka ɗauka ni da shi har ƙarshen ransa. Tsohuwar ba na riƙe ta da komai. Da ni ce ita, abin da zan yi ke nan.

Abin da na koya nake so masu karatu su ji, musamman mata irina da suka tara guminsu na shekaru. Idan za ki sayi gida a cikin birni, ki nemi lauyan da cinikin gida ne aikinsa, kuma naki ke kaɗai, ba na mai sayarwa ba, ko da kyauta ne. Lauyan da ya dame ki da tambaya shi ne naki. Kada ki yarda da ai kowa ya sani. Ki nemi takardar rabon gado, ki san magada su nawa ne, ki tambayi matan da aka aurar nesa, domin su ake mantawa. Hannun mai unguwa da shaidu yana da daraja, amma ba ya maye gurbin hannun magajin da ba ya nan. In kuma bakinki ba zai iya tambayar babba ba, kamar yadda nawa ya kasa, to ki tura lauyan ya tambaya, ai don haka ake ɗaukarsa.

Yanzu ina haya a ɗaki biyu a wajen Ƙofar Ruwa, mai gidan mutumin kirki ne. Na haura sittin, fansho nake ci, na kuma daina yaudarar kaina. Ranar da za a fito da ni a makara, ta ƙofar gidan wani za a fito da ni, kuma tambaya ɗaya ce da na ji nauyin yi ta jawo hakan.