Rumfar Dankalin Tsuyako

Ranar da aka zo auna Hancin Dutse, iskar arewa ta wayi gari tana kaɗawa ba sassauci. Sama ta yi garau, teku ya yi fari fat da kumfa, jirgin ruwan safe ma da ƙyar ya samu ya jingina. Sanyi ne mai tsaga leɓe. Kowa a tsibirin ya takure a ɗaki, ban da Tsuyako. Ita tun kaka irin wannan rana take jira.

Tana can saman rumfarta tana baza dankali. Dirkoki shida ne dogaye, aka shimfiɗa gora a kansu, a daidai inda dutsen ya miƙa hanci cikin teku. Sai an fere dankalin, a yanka shi siriri, a tsoma a tafasasshen ruwa, sannan a kawo shi nan iska ta busar. Idan ya bushe a turara shi da shinkafa mai danƙo, a kirɓa a turmi, a mulmula. Shi ne kankoro. Surukarta ta koya mata shekarar da ta auri Sakuji masunci, tana da ashirin da biyu. Sakuji ya rasu, 'ya'yansu biyu sun koma birni, ita kuwa ba sanyin da ya taɓa wucewa rumfar nan tana wofi. A lokacin da wannan abu ya faru shekarunta saba'in da takwas.

Sai ga Kiyoharu, shugaban kwamitin gari, ya hawo da igiyar awo a hannu. Ajinsu ɗaya a firamare. Ya yi shekara talatin yana aikin otal a birni, ya dawo da fararen takalma da tsare-tsare cike da ciki.

"Tsuya-chan, sauko mu yi magana," in ji shi, da sunan da yake kiranta tun suna yara.

"Kai ka hawo. Ko takalman ba su iya tsani ba?"

Daga ƙasa ya yi bayaninsa, iska tana kwashe rabi. Kwamiti zai gina dandamalin katako a wurin, da kujeru, don baƙi masu zuwa hutu su zauna su kalli faɗuwar rana.

"Rumfar nan ta tsaya a tsakiyar hoto," in ji shi. "Duk baƙon da ya ɗaga waya zai ɗauka, sai tarkacenki ya fito."

"To su ɗauka da ita mana. Na hana ne?"

"Ki saurara. Za mu kafa miki sabuwa a bakin tashar jirgi, mai kyau, da fenti. Baƙi a watannin zafi suke zuwa, lokacin ba a shanya, don haka sai a jera dankalin roba a kai, irin abincin roban da ake jerawa a tagar gidajen abinci."

Tsuyako ta leƙo. "Iskar fa? Ita ma ta roba za ka sayo? Tashar jirgi a lungu take, ko tsumma ba ya bushewa a can. Kai ma ka sani."

"Filin na gari ne, ba naki ba. Nan da kwana goma za a kaɗa ƙuri'a."

"A kaɗa. Matsa, ka tare min iska."

Ba ta ɗauki Kiyoharu mugu ba. Ta san makaranta ta rufe, ta san an rage zuwan jirgi daga sau huɗu zuwa sau biyu, kuma baƙin nan ne kaɗai ke sa bai daina zuwa ɗungum ba. Amma ta ga jerin abincin da kwamiti ya buga wa baƙi: gasasshen kifi, miyar ganyen teku, farar shinkafa. Babu dankali ko a gefen takarda. Sai ta tuna ajinsu. Da tsakar rana 'ya'yan masu jirgin inji sukan buɗe akwatin abinci fal da farar shinkafa, sauran kuwa dankali, jiya dankali, gobe dankali. Kiyoharu yakan kafa murfin akwatinsa a tsaye, ya sunkuya bayansa yana ci da sauri don kada a gani. Ta gane ba rumfar ce ta tsone masa ido ba.

Kwana goman nan ba ta je gidan kowa roƙo ba. Dankalinta ya bushe, ta turara, ta kirɓa da kanta tana hutawa tsakanin taɓarya da taɓarya.

Ranar taro, bayan cin abincin rana, magidanta talatin da ɗaya suka hallara a zauren gari. Suka tarar da ita a bakin ƙofa da kaskon garwashi, tana gasa kankoro yanka-yanka. Ƙamshin ya riga kowa shiga. Duk wanda ya zauna sai ta ajiye masa yanka ɗaya a gabansa. Har Kiyoharu ta ajiye wa.

Ya yi jawabi mai kyau, wannan kam ba a ƙwace masa. Ya nuna taswira, ya yi maganar jirgi, ya ce idan baƙi suka daina zuwa, wata rana mara lafiya zai rasa abin da zai kai shi asibiti. Mutane suna gyaɗa kai. Ita ma ta gyaɗa.

Da ya gama ta miƙe, tana dafe da bango.

"Ni ban iya jawabi ba. Maganar jirgi gaskiya ce. Ku gina dandamalinku, tsibirin bai rasa duwatsu ba, rana kuma ko'ina faɗuwa take. Iskar shanya ce wuri ɗaya take bi. Wanda ba abincin da ke gabansa ne ya raine shi ba, ya ɗaga hannu a rushe."

Ta juya za ta zauna, idonta ya faɗa kan teburin Kiyoharu. Bai ma san ya yi ba: ya ɗauki taswirarsa ya kifa a kan yankan kankoron.

"Kiyo-chan," ta ce, "shekara saba'in, har yanzu rufewa kake yi?"

Sai tsohuwa Matsue, wadda ita ma ajin nan ta yi, ta tuntsire da dariya har tana tari. Wasu suka taya ta, wasu suka sunkuyar da kai, don ba shi kaɗai ya taɓa kafa murfi ba.

Kiyoharu bai yi dariya ba. Ya ɗage takardar a hankali.

"Hannun uwata tsattsagewa yake yi yana jini a kan wannan abin," ya ce. "Ba na son baƙo ya biya kuɗin jirgi ya zo ya ɗauki hoton talaucinmu."

"Na san hannunta. A rumfar nan take shanya, gefe da ni. Ita dai ban taɓa ganin ta rufe ba. Kuma ni ba don hoto nake yi ba, don ci nake yi. In baƙonka bai so, ya rufe ido ya wuce."

Aka ce masu son a rushe su ɗaga hannu. Hannu tara suka tashi. Wani a cikinsu ma bakinsa cike yake, ya dubi hannunsa, ya dubi mutane, ya sauke.

Dandamalin, a wani dutse can ƙasa aka gina shi. Kiyoharu bai sa Hancin Dutse a taswirar baƙi ba, kuma bai yi mata magana ba har shekara ta zagayo. Duk da haka baƙi sukan hawo, sun ƙoshi da kifi, sun zagaya hasumiyar fitilar jirage da wurin ibadar da ke bakin ruwa, suna neman abin da ya rage. Su tarar da rumfa wofi, su tambayi tsohuwar da ke cire ciyawa a gonar dankali mene ne wannan.

"Ku dawo da sanyi," haka take ce musu. "Yanzu ba komai."

Mafi yawa ba sa dawowa. Kaɗan sukan dawo, cikin manyan riguna, jirgi ya jijjiga su sun yi laushi. Waɗannan takan zaunar da su gaban kasko ta gasa musu, amma sai sun fara taya ta ɗaukar kwanduna zuwa sama.

Yanzu shekarunta tamanin da biyar. Gwiwa ta hana ta wuce mataki na uku a tsani, don haka da doguwar sanda take baza dankalin. 'Yarta ta yi ta kira ta koma birni, ta ƙi. Tana nan a gidanta na ƙasan Hancin Dutse, rumfar kuma tana inda take.