Kilishin da Na Kai wa Malamina Ba'indiye

Wallahi tun daga Harlem nake ta murmushi ni kaɗai a cikin train, leda a cinyata, ƙamshin yaji ya cika wurin!

Bari in koma baya kaɗan. A building ɗinmu na unguwar Parkchester, a nan Amurka, akwai wani dattijo Ba'indiye, tsohon malamin makaranta. Baba nake ce masa. Shi ke ara mini littattafai, ni da ban wuce sakandare ba. Yawancinsu na wani masanin falsafa ne na ƙasarsu, wanda ya koyar a jami'a, ya zama jakada, har ya zama shugaban ƙasa, kuma bai ajiye alƙalami ba. Mutumin nan ya tafi da hankalina! A nan na karanta cewa da ɗalibansa suka so yi masa bikin ranar haihuwa, sai ya nemi a mayar da ranar ta girmama malamai.

Na ce to ai ni ma ina da malami. Kuma a wurinmu, in za ka girmama babba, me ya fi kilishi? Na je shagon wani ɗan Nijar a unguwar Harlem na ce ya zaɓo mini mai kyau.

Matar Baba ce ta buɗe ƙofa. Na durƙusa na miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Mene ne wannan, ɗana?"

"Kilishi ne, Baba. Naman sa zalla, ba haɗi!"

Sai a lokacin na tuna: mutanen nan ko kaza ba sa ci, balle saniyar da suke girmamawa. Na ce shi ke nan, ni da littattafan gidan nan sai dai hange.

Baba ya cire tabarau, ya dube ni, kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi har da tari.

"Littafi bakwai na ba ka! Karantawa kake yi ko matashin kai kake yi da su?"

"Baba, a yi haƙuri, ɗoki ne."

Mama kuwa hanci ta ɗan matso da shi daga nesa. "Me kuke shafa masa haka?"

Na lissafa mata: gyaɗa, citta, kanumfari, barkono.

"To ka kawo mini wannan, ka bar saniyar ta yi kiwonta."

Ledar a bakin ƙofa ta jira ni. Na sha shayi mai madara kofi biyu, na fito da littafi na takwas a hammata, kilishin kuma ni da ƙannena muka ga bayansa.

Ku fa? Wace kyauta kuka taɓa kai wa malaminku da ta sa kuka so ƙasa ta tsage ku shige? Ku ba ni labari don Allah, kar a ce ni kaɗai ne.