Ƙofar Hayaƙin da Aka Sa Ni Na Liƙa a Karkace

Shekara ashirin da ɗoriya ina walda a unguwar Kpakungu, ba a taɓa jifana da kalmar ha'inci ba sai a kan wata tsohuwar jar mota.

Mai motar wani ma'aikaci ne da ke zaune a Bosso, mutum mai son gudu. Ya sayo turbo ya ce a ɗaura wa injinsa. Shi turbo hayaƙin injin ne ke juya shi, shi kuma ya riƙa ɗura wa injin iska don ƙarfi ya ƙaru. Iskar nan in ta wuce kima ɓarna take yi, shi ya sa ake haɗa shi da wata 'yar ƙofa mai zubar da rarar hayaƙi kafin ya kai ga turbo. Makanikai na ce mata westiget. Aikina shi ne in haɗa bututu huɗun da ke kwaso hayaƙi daga injin, in yi wa ƙofar mazauni.

Na ɗauki alli na yi alama a mahaɗar bututun, inda duk huɗun suka zama ɗaya, na ɗan kishingiɗar da bakin ya bi hanyar da hayaƙin ke tafiya. Mutumin ya leƙo ya girgiza kai.

"Baba, a nan ai ta ɓuya. Dawo da ita sama, kan wannan bututun na gefe. In an buɗe bonet ita nake so a fara gani."

Na ce, "Yallaɓai, hayaƙi ba ya son kwana. In ka sa ta can, hayaƙin bututu ɗaya za ta samu, shi ma sai ya juyo baya kafin ya shige ta. Sauran ukun turbo za su wuce kai tsaye. Ko ta buɗe, ba abin da za ta rage."

Ya zaro waya ya nuna min hoton wata mota, wai haka masana suke yi. Na duba, ko injin ba iri ɗaya ba ne. Na faɗa masa. Sai ya ce, "Kai dai walda aka ce ka yi."

Na yi waldar. Wannan shi ne laifina, kuma na amsa shi.

Kwana tara ya yi yana yawo da ita cikin gari lafiya lau, don tsakanin Keke Napep da 'yan acaɓa ba inda zai taka totur. Ran na goma ya hau hanyar Beji ya sake mata. Shi da bakinsa ya ce allurar da ke auna iskar ta wuce inda aka tsayar da ita, ta yi ta hawa, shi kuma daɗi ya hana shi ɗaga ƙafa. Gasket ɗin da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa ya ƙone, ruwan lagireto ya gauraye da bakin mai. Da igiya aka jawo motar.

Bai zo wurina ba. Gareji-gareji ya riƙa bi yana cewa waldata ce ke yoyo, wai ruɓaɓɓen ƙarfe na sa masa. Maganar ta zaga har ta iso ni wurin mai shayi. Wani da na yi wa ƙofar gida shekara shida da suka wuce ya tambaye ni, a gaban jama'a, ko ita ma ya kamata ya sa a duba ta. Ban iya ƙarasa shayin ba.

Maƙwabcina a layin, wani dattijon makanike mutumin Beji, shi ya kwance injin. Ranar Lahadi yana dawowa daga coci ya biyo ta wurina, ya ce da irin Hausarsa, "Waldan ka ba shi da laifi. Kira shi ya zo ya gani da ido."

Muka aika, mai motar ya zo da abokansa biyu. A gabansu na toshe bakunan bututun, na shafe duk inda wutata ta bi da ruwan sabulu, muka ɗura iska da injin mai faci. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba. Na ce, "Yallaɓai, nuna min yoyon." Sai ya hau kaɗa makullin motarsa.

Har yanzu ban san abin da ya sa na yarda na sake aikin ba. Ina jin so nake a gani. Na yanke ƙofar, na toshe ramin, na mayar da ita mahaɗa. Bayan an gyara injin muka hau hanyar Beji mu uku, dattijon na baya. Mai motar ya taka, allura ta tashi, ta isa inda aka ce ta tsaya, ta tsaya cak. Ya ƙara takawa, ko gezau. Sau uku muna gwadawa.

Da muka dawo na jira kalma ɗaya daga bakinsa. Ya fito ya zagaya motar, ya ce wa abokansa da ke jiranmu, "Dama na yi zargin sifirin ɗin cikin ƙofar ne ya saki."

Ba wanda ya taɓa sifirin. Dattijon ya buɗe baki zai yi magana na riƙe hannunsa, don na san in aka fara ba za a ƙare da daɗi ba. Mutumin ya ja motarsa ya tafi, kuma bai koma ko gareji ɗaya ya janye abin da ya faɗa ba. Bayan wata biyu ya turo min wani abokinsa da irin wannan aikin. Na ce ya gaishe shi, hannuna a cike yake.