Kwaɗon Baba Bube

Ranar da ba ta taɓa fita raina ba, cikin duk shekarun da na yi a garejin ma'aikatarmu a Sakkwato, ita ce Talatar da aka gwada babura biyu. Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai sun shigo, gwamnati na sayayya ba ji ba gani. Amma kuma zamanin ne da mutum zai kunna rediyo da rana ya ji an sallame shi daga aiki. Ni ne foma, wato shugaban makanikai. Duk abin hawan da ma'aikata za ta saya sai na duba shi na rubuta rahoto, duk wanda zai hau shi kuma sai na gwada shi na sa hannu.

An turo mana wani Manjo ya gyara ma'aikata. Da ya zo sai ya tarar masinjojinmu, masu kai wasiƙu cikin gari, har yanzu keke suke hawa. Ya ce a saya musu babura, wanda ya kasa tuƙi kuma a sallame shi.

Aka kawo samfuri biyu. Ɗaya ɗan Japan ne, na kamfanin da kowa ya sani, in ka tayar da shi da ƙyar kake jin kukansa. Ɗayan wani ɗan kasuwa ne ya shigo da shi, sunansa ma babu wanda ya iya karantawa. Da kuɗin ɗan Japan guda za ka sayi biyu irinsa. Ba shi da giya, ba shi da kuloci, sai feda irin ta keke. In ya tashi kuma sai ya yi tsalle biyu kafin ya tafi, shi ya sa makanikai suka sa masa Kwaɗo. Mako guda na yi ina kwance su ina ɗaurawa. Ɗan Japan ya fi shi ƙarfe, ya fi shi birki, ya fi shi komai. Na rubuta haka, har da ɗan ƙarin gishiri, don ni a lokacin ina ganin duk abin da ba ɗan Japan ba gwangwani ne.

Da ɗan Japan ɗin na gwada masinjoji. Duk suka ci sai Baba Bube. Dattijo ne gajere, ya fi shekara talatin a kan keke, saura shekara biyu ya yi ritaya da cikakken fansho. Sau uku yana sakin kuloci babur na mutuwa. A na huɗu babur bai mutu ba, ya kwashe shi sai cikin tarin tsofaffin tayoyi. Na rubuta ya faɗi, na sa hannu, takarda ta hau teburin Manjo. Baba Bube ne ya kawo mini wasiƙar ɗaukata aiki har gida, amma a ranar ban ko iya kallon idonsa ba.

Ɗan kasuwar nan ya kai kuka wai ba a yi wa kayansa adalci ba. Manjo kuwa mutum ne mai son gasa. Ranar Talata da hantsi ya fito harabar gareji da wasiƙa kwafi biyu, zuwa ga wani ɗan kwangilarmu. Abin da ke bayan ambulan shi ne, "Alhaji Ummaru, Unguwar Rogo." Ya ce kowane babur ya ɗauki ɗaya, mu ga wanda zai fara dawowa da sa hannu.

Sani, masinjan da ya fi kowa iya tuƙi, ya haye ɗan Japan. Kwaɗo kuwa kowa ya noƙe, babu mai son a yi masa dariya a gari. Sai ga Baba Bube, wanda ya zo mai da keken gwamnati sito. Ya zagaya Kwaɗo, ya taɓa fedar.

"Foma, wanga ai keke na. Ku ba ni shi."

Na ce, "Baba, ka bari. Abin da ya faru rannan bai isa ba?"

"Mi yar rage da za ni rasawa?" in ji shi.

Manjo ya ɗaga hannu ya ce a ba shi. Sani ya tashi, kafin ka ce me ya ɓace. Baba Bube ya tattare babbar rigarsa, Kwaɗo ya yi tsallensa biyu, ya kai bakin get ya mutu. Dariya ta ɓarke, har sojan da ke gadin Manjo sai da ya riƙe ciki. Baba ko waiwaye bai yi ba, ya ci gaba da taka feda. Abin da ya ƙara ba mu dariya, Sani hannun dama ya bi, shi kuwa ya karya hagu.

Bayan kamar awa ɗaya muka ji kukan ɗan Japan. Sani ya sauka yana gumi, ya ƙame, ya miƙa wasiƙa yadda aka ba shi.

"Yallaɓai, Alhaji Ummaru huɗu na iske Unguwar Rogo. Ukku sun ce ba su na ba. Na huɗun kau an ce ya hita tun da sahe."

Manjo bai gama ɓata rai ba sai ga Kwaɗo yana tari. Baba Bube ya jingina shi, ya cire hula, ya fito da takarda daga ciki. Ga sa hannu, ga hatimi.

Manjo ya ce, "A ina ka same shi?"

"Ranka shi daɗe, yau Talata ta. Ran Talata da hantsi Alhaji na wurin wanzami nai, Ƙohwar Atiku. Na ishe an aske mai rabin kai, haka nan yas sa hannu."

"Babur fa?"

"Ya mutu sau biyar. In ya mutu in taka, in ya tashi in huta."

Manjo ya juyo kaina. "Foma, wanne ya fi kyau?"

A wancan zamanin amsa ɗaya kan raba mutum da aikinsa. Na ce, "Yallaɓai, ɗan Japan ya fi, ba zan canza rahotona ba. Kuskurena ɗaya, ƙarfe na duba, ban dubi mai hawa ba."

Sai ya aika aka ɗauko takardar Baba Bube daga ofis. Ya miƙo mini. "Kai ka rubuta, kai za ka yaga." Na yaga ta a gaban kowa. Ban taɓa jin kunya da daɗi lokaci guda kamar ranar ba.

An saya wa masinjoji ɗan Japan, Baba kuma aka bar masa Kwaɗo guda. Kada ku ɗauka ya zama abin kirki. Shekara biyu cur babu makon da ban kwance kabiretarsa ba, na zage shi har na gaji. Amma shi ya kai Baba Bube ranar ritayarsa, ya karɓi fanshonsa cif.

Ku da kuke sa hannu a takardun gwaji yanzu, ku auna ƙarfe da gaskiya, kada ku ƙara kada ku rage. Sai dai kafin ku rubuta mutum ya faɗi, ku tambaya me ya sani wanda ba a gwada shi a kai ba. Ni ban tambaya ba, saura kaɗan in tura dattijo gida hannu wofi.