Lalo da Ƙaguwa a Lome

Daga Sheme zuwa Legas

Tun kafin ladan ya yi kiran farko na gama ɗaure kaya. Barci dai ban yi na kirki ba. Surukina Mutawakilu ne ya bugo waya daga Lome, babban birnin Togo, ya ce an yi wa ɗiyata Murja aiki an ciro ɗa namiji, amma har an yi suna ruwan nono bai zo ba, ita kuma ta ƙi abinci. Shi mutumin can ne, ɗan ƙabilar Kotokoli. Sayen shanu ya riƙa kawo shi kasuwar Sheme har Allah ya haɗa su. Shekara biyu ke nan da kai ta, ban taɓa zuwa ba.

Maigidana Malam ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, sai ya ce ƙanena Lawali ya raka ni, tunda ya daɗe yana jan motar hatsi zuwa kudu. Na ɗauki gero, da jar kanwa, da daddawa, da kuka, da yajin jego da na daka da hannuna. A raina na riga na yanke hukunci: abincin mutanen can ne yarinyar ta kasa ci.

Mota ba ta tashi ba sai da gari ya waye sarai, kowa ya san halin da hanyarmu ke ciki. A Funtuwa muka shiga babbar bas ta Legas. Muka bi ta Zariya, Kaduna, Abuja, aka tsaya a Lakwaja muka yi salla. Lawali ya sayo soyayyen kifi ya miƙo mani.

"Yaya, ki fara koyo tun yanzu. Inda za mu, ko gaisuwa da kifi ake yi."

Na ce ya ci abinshi, furata ta ishe ni.

Da hantsin washegari muka shiga Legas, ƙafafuna sun kumbura kamar an hura. Muka sauka gidan wani abokin Lawali mai sayar da raguna a unguwar Hausawa da ke kan hanyar Badagiri. Matarshi ta ba ni ruwan zafi na gasa jiki, ta yi mani tuwon shinkafa da miyar taushe. Allah ya saka mata.

Seme, Kwatano, Aneho

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Seme, iyakarmu da ƙasar Benin. Shingaye kam ba a magana, kafin direba ya gama sa giya an sake tsayar da shi. Wanda zai yi wannan tafiya ya riƙe fasfo da katin rigakafin shawara a hannu, kada ya cusa su ƙasan jaka yadda na yi. A kan iyaka wani jami'i ya kwance buhuna, warin daddawa ya buge shi, ya ja da baya yana toshe hanci. Abokin aikinshi ya leƙo, ashe ɗan Arewa ne.

"Hajiya, jego za a je ke nan?"

"Wallahi kuwa, ɗana."

"Allah ya raya. Ɗaure kayanki."

Nan Lawali ya canza mana kuɗi zuwa sefa. Dubu ɗaya su jaka suke ce mata. Kwatano ba mu tsaya ba sai don sauya mota, abin da na riƙe kawai shi ne 'yan kabu-kabu masu rawayar riga, sun cika titi kamar fari. Can gaba, kafin iyakar Togo, na ga teku a hannun hagu ta tsakanin itatuwan kwakwa. Ruwa ne har inda ido ya ƙare. Na yi salati, matar da ke kusa da ni ta yi dariya.

Da muka tsallaka, garin farko shi ne Aneho. Direba ya tsaya, mata suka yo kanmu da tire. Abin da suke sayarwa ablo ne, wani farin abu mai laushi na masara, kamar waina amma turarawa ake yi, da ɗan zaƙi-zaƙi. Ana haɗa shi da ƙananan soyayyun kifi da dakakken tumatir da attaruhu. Lawali ya ci na sefa ɗari biyar ya ƙara. Ni ban ci ba, tunanina na wajen yarinyar.

Zangon Lome

Bayan la'asar muka isa Zango, unguwar da ke arewacin birnin, inda za ka ji Hausa ko'ina. Mahaifiyar Mutawakilu, Hajiya Ramatu, ita ta tarbe mu a ƙofa. Doguwa ce, baƙa, mai fara'a. Hausarta irin ta Zango ce, mace da namiji duk "ya" take ce masu.

"Maraba, maraba, Hajiya. Gara da ka zo. Murja bai ci komai ba, ni na gaji da roƙo."

Na shiga ɗakin. Murja ta rame, wuya ya yi tsawo, idanu sun faɗa. Jaririn, Abdurrahman, yana ta tsala kuka, ana ɗura mashi madarar gwangwani yana turowa. Ta ce, "Inna," sai hawaye. Na ce ba kuka na zo yi ba, ta yi shiru.

Da safe na dama kunun kanwa na zuba yaji. Ta kurɓa kaɗan ta ajiye. Da rana na tuƙa tuwon gero da miyar kuka, ta yi loma biyu ta ce ta ƙoshi. Washegari ma haka. Hajiya Ramatu kuwa ta sakar mani madafi gaba ɗaya, don girmamawa. Na rasa abin da ke mani daɗi. Na ɗauko gero tun daga Sheme, ga shi yaro na ƙara zama fata da ƙashi.

Ranar da abin ya ishe ni, da azahar, na rufe ƙofa na zauna bakin gadonta.

"Ke Murja, ki gaya mani gaskiya. Wani abu aka yi maki a gidan nan?"

"Wallahi Inna ba a yi mani komai ba."

"To miye?"

Ta sunkuyar da kai, ta daɗe tana murza bakin zane.

"Inna, kada ki ji haushi. Ademe nake marmari, da akume. Tun ina da ciki shi kaɗai ke zama mani. Da aka yi aikin, Hajiya ta ce miyar yauƙi da manja na hana ciwo warkewa, sai romon kifi marar mai take ba ni. Na ji nauyin in roƙe ta. Ke kuma kin sha wahala kin kawo gero."

Ba zan ɓoye ba, maganar ta soke ni. Ɗiyar da na raina da kunun gero, yau miyar wasu take kwaɗayi. Amma na dubi yaron, na ga ba lokacin wannan ba ne. Na fita na sami Hajiya tana tsintar shinkafa, na faɗa mata. Ta riƙe haɓa.

"A'a, Hajiya. Yauƙi? Ciwo bai kame ba."

Muka yi ta ja, cikin ladabi, har Mutawakilu ya shigo ya ce a tambayi malamar asibitin da ke duba Murja. Ya buga mata waya ya sa a fili. Matar ta yi dogon bayani da Faransanci, ya fassara mana: ta ci duk abin da ranta ke so, ta sha ruwa da yawa, a riƙa sa yaron a nono ko babu komai. Hajiya ta tafa hannu, ta dube ni.

"To, gobe ni da kai za mu tafi teku."

Tashar masunta

Da sassafe muka hau tasi, mu biyu, muka ratsa birnin har tashar masunta. Kwale-kwale ne jere, an yi masu fenti kala-kala, maza na jan taru, mata da manyan baho suna ciniki da ihu. Ƙarni kuwa sai da na rufe hanci da mayafi. Hajiya ta sayi bandar kifi, da jatan lande, da ƙaguwa masu rai an ɗaure masu hannuwa. Ni dai na ja gefe.

Daga nan muka je wajen masu ganye. Ta nuna wani tuli ta ce ga ademe. Na ɗauki reshe ɗaya na juya shi, na murza ganyen.

"Hajiya, wannan ai lalo ne!"

"Mene lalo?"

"Shi ne wannan! A bayan gidanmu yake fitowa da damina, ko shuka shi ba a yi."

Muka tsaya tsakiyar kasuwa muna dariya, mai ganyen na kallonmu. Da muka koma gida na zauna kusa da murhu ina kallo. Hajiya ta yanka ganyen, ta nemi kanwa, na ɗebo mata tawa, ta lasa ta ce ta fi tasu kyau. Ta zuba manja, da bandar kifi, da ƙaguwa, da koren attaruhu. Akume ɗin ma da aka tuƙa, tuwon masara ne sak, sai dai ya fi namu laushi. Ƙaguwar ce ta tsaya mani a rai, har na aiki Lawali wajen limamin unguwa. Ya dawo ya ce liman ya ce abin da ke cikin teku halas ne.

Aka kai wa Murja kwano. Ta wanke hannu, ta dube ni.

"Inna, ki ci da ni. Ba zan iya ci kina kallona ba."

Na sa hannu. Miyar ta yi daɗi, ba ƙarya, ɗanɗanon lalo na nan amma kifi ya ɗaga shi. Ta ɓare hannun ƙaguwa da haƙori ta nuna mani yadda ake zuƙe naman. Na gwada, ruwan ya fantsamo mani a ido, ta yi dariya har ta riƙe wurin ɗinki. Ta cinye malmala biyu. Hajiya na tsaye bakin ƙofa tana share ido da gefen ɗankwali.

Nono bai zo ranar ba, bai zo washegari ba. Amma ta ci gaba da ci, da safe kununa, da rana miyar Hajiya, muna ta sa yaron. Wata safiya ina shanya a tsakar gida na ji ta ƙwala mani kira. Na shiga da gudu. Gaban rigarta ya jiƙe, yaron na haɗiya har ana jin ƙarar maƙogwaronshi. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Inda ake ci

Da hankali ya kwanta, Lawali ya koma Legas neman lodi, ni na zauna har arba'in. Hajiya ta ce ba zan bar ƙasarsu ban san abincinta ba. Mutawakilu kan kai mu a mota ya biya, ya koma waje ya jira, don ya san ba zan ci a gabanshi ba.

Da safe, a Zango, akwai koko da ƙosai kamar gida, da ayimolu, wato shinkafa da wake da baƙin yaji soyayye, na sefa ɗari uku ya ishi mutum. Da rana sai gidan fufu. Ba sai an yi maka kwatance ba, bi ƙarar taɓare, mata uku a turmi ɗaya suna kirɓa doya. Da miyar kifi ba ya wuce jaka ɗaya da rabi. Wajen Zango, in ba ka san wanda ya yanka nama ba, ce a ba ka kifi, ko wagashi, cukun Fulani da ake soyawa a jefa cikin miya. Akwai gboma, miyar ganye da agushi. Akwai jenkume, jan tuwon masara da ake tuƙawa cikin romon kaza, shi na fi so. Da yamma a bakin teku ana soya koliko, doya ce siri-siri, a fasa maka ɗanyar kwakwa ka sha ruwan. Ablo ɗin da na ƙi a Aneho ma na ci, na yi da-na-sanin jinkiri.

Komawa gida

Lawali ya dawo ɗaukata. Na bar wa Hajiya sauran kanwa da daddawa, ita kuma ta cika mani kwali da bandar kifi. Ta rako ni har tasha, ta riƙe hannuna ta ce, "Ka dawo, kada sai an sake haihuwa." Hanyar da muka bi ita muka sake bi, muka kwana Legas, muka iso Sheme ana kiran la'asar.

Malam na zaune a zaure, ya miƙe ƙafar kan buzu. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya kika baro su? Murja ta rako ki tasha?"

"Ko ƙofar gida ba ta fito ba."

Ya ɗago kai da sauri.

"Lafiya?"

"Lafiya lau. Yaron ne ya ƙi sakin nono, ita kuma ga kwano a gabanta. Daga zaune ta ɗago mani hannu, da miya a yatsunta."

Malam ya shafa fuska ya ce, "Alhamdu lillahi."

Ni ma abin da na ce ke nan. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Lawali da ya bar aikinshi, da Hajiya Ramatu da ta riƙe mani ɗiya kamar ita ta haife ta.