Injin Ruwan Gishiri da Yaya Ya Saya

A shekarar da sojoji suka koma bariki, kowa a Fagge ya tashi da nasa shirin arziki. Wani ya faɗa siyasa, wani ya buga katin ɗan kwangila tun bai mallaki ko shebur ba. Yayana, mai rumfar atamfa a kasuwa, shi teku ya sa a gaba.

Sarin kaya ya kai shi Legas, abokan ciniki suka kai shi bakin ruwa shan iska. A can ya ga wani Bature yana yawo da sanda mai faifai a ƙarshenta, ya toshe kunnuwansa da wani abu. A gaban idon Yaya mutumin ya tsaya, ya durƙusa, ya tono zobe daga cikin yashi. Da Yaya ya dawo gida, ba shi da wata hira sai wannan.

"Masu kuɗi ne ke wanka a wurin," in ji shi. "Ruwa na zare musu zobe da sarƙa. Zinariya na kwance kamar gyaɗa, ba mai tsinta."

Na ce, "Yaya, ai mu a Kano ba mu da teku."

Ya ce, "Mulkin farar hula aka shiga. Komai zai zo."

Ina koyarwa a firamare a lokacin, saboda haka duk abin da ya zo da Turanci a jikinsa ni ake nema. Wata Asabar muka hau acaɓa zuwa Sabon Gari, shagon wani Ibo mai sayar da rediyo da kayan gwanjo na lantarki. Haifaffen unguwar ne, Hausarsa kamar ta ɗan cikin gari. Ya sa aka sauko da injinan neman ƙarfe biyu, irin na Baturen nan, daga saman kanta, ɗaya baƙi, ɗaya rawaya, ya goge musu ƙura da gefen rigarsa.

"Alhaji, ka ga baƙin nan, na tudu ne. Yana da wayo, kukan da yake yi wa zinariya dabam, na ƙusa dabam. Amma da ya ji jiƙaƙƙen yashi mai gishiri, sai ya haukace. Rawayan kuwa ko cikin ruwa ka tsoma shi bai damu ba, kuma yana jin abin da ke can ƙasa. Aibinsa ɗaya, duk ƙarfe ɗaya ne a wurinsa. Ya kuma fi tsada. A ina za ka yi aiki da shi?"

"A teku."

"Wane tekun, Alhaji?"

Yaya ya yi masa kallon da yake yi wa mai taya atamfa da wulaƙanci. Na raɗa masa cewa baƙin ya fi dacewa da mu, ya ce shi ba ya sayen kaya bai gwada ba. Nan da nan aka shiga haɗa teku a ƙofar shago. Aka ɗebo yashi a wurin masu gini, aka aro daro, mai abincin da ke kusa ta kawo ruwa da gishiri. Matar mai shagon ta zare zoben aurenta aka binne, tana cewa in ya ɓata Alhaji ne zai sake ɗaura mata aure. Mutane suka taru har suka tare hanya.

Aka kunna baƙi, ya tsala ihu. Aka kunna rawaya, shi ma ya tsala. Yaya ya yi ta hamdala, sai wani mai faci daga cikin 'yan kallo ya ce, "To ai daron ma na ƙarfe ne." Aka juye tekun a bahon roba. Wannan karon baƙin ya yi ta ƙiƙi-ƙiƙi ko'ina aka kai shi, rawayan kuwa ya yi tsit sai a kan zoben. Jama'a suka tafa. Yaya ya rungume shi, ko ragi bai nema ba.

Kafin tafiya Legas ta taso, ya ce zai koyi hannu a gida. Cikin 'yan makonni tsakar gidansa ta koma kamar gonar rogo bayan girbi. Ya tono ƙusoshi, marafan lemo, gwangwanin madara, da wani cokali da matarsa ta daɗe tana zargin maƙwabciya a kansa. Ranar da injin ya yi kuka mafi ƙarfi, Yaya ya kori kowa, ya ɗaga diga da bisimilla, ya fasa bututun famfo. Ruwan da ba mu saba gani ba, ranar aka kawo shi.

Labari ya kai kunnen sabon kansilanmu, wanda kafin zaɓe tare muke cin tsire a bakin titi. Yanzu ya gano cewa yana da maƙiya. Ya roƙi Yaya ya tsaya masa a ƙofa ranar walimar cin zaɓe, a binciki duk mai shiga. Yaya ya sha babbar riga, ya maƙala abin kunne. Injin ya kama makullai, ya kama agogo, ya kama maɓallin wando. Layi ya miƙe, shinkafa na hucewa a ciki. Da aka zo kan shugabar matan jam'iyya, wata dattijuwa mai jiki, ta ajiye jaka, ta cire awarwaro da ɗan kunne, amma ana ɗaga faifan saitin fuskarta sai kuka.

"Hajiya, akwai sauran ƙarfe," in ji Yaya cikin ladabi.

Ta wage baki ta nuna masa haƙoran Makka guda biyu. "Zo ka cire su, ɗan nema!" Ta juya, matan unguwa suka bi ta. Kansila bai sake gaishe mu ba har ya sauka.

Bayan sallar layya muka tafi Legas tare. Da muka isa bakin ruwa, Yaya ya naɗe wando, ya taka jiƙaƙƙen yashi, ya kunna inji. Igiyar ruwa ta farko ta daki gwiwarsa. Ta biyu ta zaunar da shi, ta tafi da hularsa da takalmi ɗaya. Ya rarrafo yana salati, ya zauna can nesa kusa da masu gasa masara, ya daɗe yana kallon ruwan.

"Wannan abin," ya ce, "ba ya tsayawa ne?"

Na ce ban taɓa jin ya tsaya ba.

Ya kira mai hoto, ya sa aka ɗauke shi riƙe da injin, tekun na can baya kamar zare. Da muka dawo Fagge 'yan majalisar hirarsu suka tambaye shi ina zinariya, ya gyara zama ya ce mun tarar ruwan ya yi yawa bana, sai gwamnati ta rage shi zai koma.