Shatin Yatsan Yaya

Mubi ba ta da layin dogo, ba ta taɓa yi ba. Amma a gidanmu an san jirgin ƙasa kamar ɗan uwa, saboda mahaifinmu. Kafin ya zo garin nan ya yi aure, ya shafe shekaru yana zuba kwal a jirgin hayaƙi tsakanin Zariya da Gusau. Idan tuwo ya yi masa daɗi sai ya haɗa tafukansa ya busa mana kukan jirgi, kaji su watse, Dada ta ce ya tsufa bai sani ba. Dada ita ce mahaifiyarmu, Bafulatanar Sahuda, ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa da idonta ba. Mu ma 'ya'yansa biyu haka muka tashi, mun san kukan jirgi tun ba mu san kamanninsa ba.

Yayana maƙerin gwangwani ne, yana yin bokiti da murhu da akwatin ƙarfe a bakin kasuwa. Ni kuwa mai fenti ne, ina fesa motoci da keke napep. Bayan rasuwar Baba, wata rana Yaya ya shigo gida da kwali a hammata, yana irin murmushin da ba ya yi sai ya san Dada za ta yi faɗa. A wurin masu gwanjon kayan Turai da ake shigowa da su ta Kamaru ya tsinto shi. A jikin kwalin akwai hoton baƙin jirgi yana tuttular hayaƙi. A ciki kuwa babu jirgi, sai gutsattsarin tagulla da farin ƙarfe a ledoji, da tayoyi kamar kwabo, da kusoshi ƙanana da sai an lashi yatsa ake ɗaukar su, da takardar bayani cikin wani yaren Turawa da ba wanda ya iya karantawa a unguwarmu.

"Yaya, ai wahala ka kwaso," na ce.

"Jirgin Baba ne," ya ce. "Kai dai ka tanadi baƙin fenti."

Damina guda ya yi yana haɗa shi. Bayan la'asar sai ya zauna a gindin mangwaron tsakar gida, ya ɗora tiren Dada a cinya don kada wani abu ya faɗa ƙasa, yana bin hotunan takardar ɗaya bayan ɗaya. Kowane yanki sai ya goge shi da magagari kafin ya liƙa shi da dalma. Ranar farko ya ɗauko ƙarfen da yake liƙin bokiti, jajur daga wuta, ya kai kan bututun hayaƙin. Kafin ya ce bisimilla bututun ya narke ya zama ɗigo. Na yi dariya har na ƙware. Bai kula ni ba, ya yanko gwangwanin madara ya naɗe wani bututun da ya fi na Turawan kyau, sannan ya feƙe ƙusa ya mai da ita ƙarfen liƙi. Sandunan da suke haɗa tayoyin suka yi ta cijewa, sau uku yana warware su yana sake ɗaurawa. Ran da jirgin ya gangara a kan tire ba tare da ya tsaya ba, Yaya ya haɗa tafukansa ya busa kukan Baba. Dada ta tashi ta shiga ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba.

Da ya gama ya kawo mini shi gareji. Na wanke shi da tina, ruwan tsinka fenti, na fesa masa shafen farko mai ruwan toka, wanda muke kira furaima, na ce kada wanda ya taɓa sai gobe. Na juya ke nan in wanke bindigar feshi, na waiwayo na ga Yaya ya ɗaga shi yana kallonsa a rana. Babban yatsansa ya zauna daram a gefen tukunyar jirgin, ya bar shati.

Ina da zuciya a kan aikina, kowa ya sani. Na yi masa faɗa a gaban mutane kamar ba shi ne babba ba. Na ce hannunsa na bokiti ne, ba ya jin magana, wata huɗu ya yi haƙuri amma awa ɗaya ta gagare shi. Shi dai dariya yake.

"To, ubangida, Allah ya ba ka haƙuri. Ba ya gyaruwa ne?"

"Bari ya bushe. Gobe in goge maka."

Ya kai shi gida ya ɗora a saman bango, ƙarƙashin kwanon rufi, inda kaji ba sa kaiwa. Washegari da hantsi masu bindiga suka shigo gari. Kowa ya kama hanya da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Yaya ya ɗaukar wa Dada ƙunshinta har muka tsallake mayo, wato rafi, muka hau hanyar Sahuda, sai ya miƙo mini ƙunshin ya ce mu yi gaba, zai koma ya rufe shago ya biyo mu. Mun jira shi a Kamaru wata da watanni. Da muka dawo na bi asibitoci da sansanonin 'yan gudun hijira har Yola. Babu wanda ya ce ya gan shi da rai, babu wanda ya ce ya ga gawarsa.

Gidan mun tarar an kwashe shi tas, har tufafinsa. Yaya ba ya son hoto, kabari kuma ba mu da shi. Jirgin nan kaɗai muka samu a saman bango, yana nan da ruwan tokarsa da shatin yatsan.

Dada ta mai da shi ɗakinta. Yanar ido ta rufe mata gani sannu a hankali, har ta koma gani da hannu. Kullum bayan sallar asuba sai ta laluba ta ɗora yatsanta a kan shatin, ta ɗan tsaya, sannan ta fita hura wuta. Ba ta taɓa cewa ya mutu ba, ba ta kuma cewa zai dawo. Ni kuwa shekara da shekaru ban taɓa wurin ba ko sau ɗaya. Tsoronsa nake ji, gaskiya. Doguwar maganata ta ƙarshe da ɗan uwana faɗa ce a kan wannan shatin, kuma duk ran da na shiga ɗakin sai in ji kamar yana jira in cika alkawarin goben nan. A titi ma ban huta ba. Sau nawa na bar aiki na bi bayan keke napep saboda ƙeyar wani fasinja ta yi kama da ta Yaya.

Daminar bara tsatsa ta fara cin tayoyin, furaimar ta fara gari. Dada ta ji a hannunta.

"Ɓingel am," ta ce, wato ɗana da Fillanci, haka take kirana idan maganar mai nauyi ce, "kai shi ka yi masa baƙin nan da yayanka ya ce. Amma wurin nan, kar ka taɓa. Ka ji?"

"Na ji, Dada."

Na san abin da zan yi. Zan goge sauran jikin, in rufe shatin da salatif, in fesa baƙi, in ɓare salatif ɗin ya bar ɗan tabo mai ruwan toka. Na zauna a gareji da safe da roba cike da ruwa da samfefa, takardar goge ƙarfe, mafi laushi. Sai wani mai keke ya zo ya tsaya a kaina yana ba ni labarin yadda bijimi ya ƙwace a kasuwar shanu ya bi shi har cikin masu shayi. Ina dariya ina aiki.

Wanda ba mai fenti ba ba zai gane ba. Mu ba ma duba aiki da ido, da tafin hannu muke dubawa. Hannu yana bin ƙarfe, in ya ji kaushi ba ya neman izini, gogewa yake. Shekara ashirin na koya wa hannuna haka, da shi nake taƙama. Na ji ɗan tudu a ƙarƙashin samfefa, na bi shi sau uku, ya kwanta. Sai da na zuba ruwa na shafa na ji tukunyar sumul daga gaba har baya, sannan na san abin da na yi.

Mai keken ya ce lafiya, na ce ya tafi. Na daɗe ina kallon ruwan robar, ya yi toka-toka. Ɗan uwana yana ciki, kuma ban san yadda ake tsamo shi ba. Ban iya zubarwa ba, na bar shi a kusurwa har ya ƙafe.

Abin da na yi bayan haka ba na alfahari da shi. Na sake fesa furaima a wurin, na jira ta fara kamawa, na danna nawa yatsan. Sau huɗu ina gogewa ina sakewa, har ya zauna inda nake tunawa. Na rufe shi, na fesa baƙi mai sheƙi shafe uku, na yi wa sandunan tayoyi ja da tsinken ashana, na goge tagullar fitilar gaba ta haska. Ban taɓa yin aikin da ya kai wannan kyau ba, kuma ban taɓa ƙin aikina kamarsa ba.

Na kai wa Dada da rana tsaka, tana tsinkar zogale a inuwa. Ta goge hannu a zani ta karɓa. Ta bi bututun hayaƙin, ta bi tayoyin, ta ce ya yi santsi. Sannan yatsanta ya tafi wurin da kansa. Ya tsaya. Ya koma baya, ya sake zuwa.

"Ina tabon?" ta ce.

"Wane tabo, Dada?"

"Na almakashi. Yana yaro ya yanke, ni na ɗaure masa. Layi ne a tsakiya, kullum ina jin shi."

Na manta Yaya yana da tabo a yatsa. Mun ci tuwo a kwano ɗaya shekara talatin, da hannun nan ya miƙo mini ƙunshin Dada a bakin mayo, kuma na manta.

Na durƙusa na faɗa mata komai. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da na ji sauƙi. Ta laluba ta kamo hannuna, ta murza babban yatsana a hankali, sannan ta mai da nata kan shatin.

"Wannan naka ne."

"Nawa ne, Dada. Bari in goge."

"Kar ka ƙara goge komai," ta ce. "Bar mini na wanda ya rage."

Jirgin yana nan a ɗakinta. Har yau bayan asuba ina jin motsinta tana lalube, ina jin ta tsaya. Daga ɗakina nake sauraro, kuma ban taɓa iya tambayar ta ba, layin nan da babu, ko har yanzu shi yatsanta yake nema.